Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Da safiyar Asabar, 14 ga Satumba, 2024, manoma suka taru a bakin gulbi a Gummi kamar yadda suka saba, suna jiran jirgin fito da zai ƙetarar da su zuwa gonakinsu na tsallake. Jirgin katako ne, aka cika shi maƙil, bai kuwa kai gaci ba ya kife da su. Kafin rana ta yi tsaka labari ya iso mana Nasarawar Burkullu, domin tsakaninmu da Gummi akwai auratayya da cin kasuwa, kuma duk wanda ke da ɗan'uwa a can ya kama waya yana lalube.

Mutum nawa ne a cikin jirgin? Wani jami'i ya ce 53, wani ya ce 70. Nawa aka tsamo da rai? Nan aka ce 12, can aka ce 6. Kafofin labarai na duniya suka rarraba, wasu suka ce sama da mutum 40 ne suka ɓace, wasu suka ce 64. Abu ɗaya ne kowa ya yarda da shi: waɗanda suka fara faɗawa ruwa neman mutane su ne masunta da gwanayen iyo na garin, da ƙarfin damtsensu da sanin gulbi da suka gada. Wani jami'in ƙaramar hukuma ya shaida wa manema labarai a ranar cewa manoma fiye da 900 ne ke ƙetare gulbin kullum, jirage biyu kacal ke fitonsu. Wannan lissafi kowa ya san shi tun kafin jirgin ya kife. Ranar ce kawai ba a sani ba.

Hujjata a wannan rubutu ita ce, abin da hukumomin ƙasar nan ke kira aikin ceto a yankinmu, in an bi shi da kyau, ta'aziyya ce da rabon kaya. Muna da matakan gwamnati uku, kowane da ofis da hatimi da kasafin kuɗi, amma sa'ar farko ta bala'i, wadda a cikinta ake rayuwa ko a mutu, an bar ta ga talaka da hannunsa. Ba ina zargin wani mutum ɗaya ba ne. Tsarin nake tuhuma, domin an gina shi a kife: kuɗi da kayan aiki suna sama, masu nutsewa suna ƙasa.

Takarda ba ta iyo

Kada mai karatu ya zaci doka ce babu. A shekarar 1999 aka kafa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, aka ɗora Mataimakin Shugaban Ƙasa a kan majalisar gudanarwarta, aka kuma ware mata kashi 20 cikin 100 na asusun kula da muhalli. Dokar ta ce kowace jiha ta kafa nata kwamitin. Tsarin tunkarar bala'o'i na ƙasa da aka fitar a 2010 ya ƙara mataki na uku, ya ce kowace ƙaramar hukuma ta kasance da tata hukumar gaggawa, ita ce za ta fara tashi, in abin ya fi ƙarfinta ta kira jiha, in ya fi ƙarfin jiha a kira tarayya. Akwai hukumar NIWA mai kula da sufurin ruwa na cikin gida, wadda aka kafa a 1997, hedikwatarta tana Lokoja. Akwai hukumomin da ke fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara. Akwai lambar gaggawa ta 112. A takarda, tsani ne mai kyau wanda ba ya da gurbi.

To, amma a auna wannan tsani da agogo. Mutumin da ruwa ya shanye, ƙwaƙwalwarsa takan fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida in numfashi ya yanke. Ofishin NEMA da ke kula da Zamfara yana Sakkwato. Hukumar jiha tana Gusau. Daga kowanne zuwa Gummi ko Bukkuyum tafiyar sa'o'i ce, a kan hanyar da ba kowane direba ke yarda ya bi ba in rana ta yi sanyi. Ko da jami'in ya fi kowa kishin aikinsa, ko da ya tashi a daidai lokacin da wayarsa ta yi ƙara, abin da zai tarar gawa ce. Saboda haka matakin da ke iya ceton rai shi ne na ƙasa, na ƙaramar hukuma da gunduma da mashaya. Shi ne kuwa matakin da ya fi kowanne tsiraici.

A nan na tashi, a nan na yi firamare. Na ga rabon shinkafa da barguna da tabarmi bayan ambaliya. Na ga ayarin motoci na masu zuwa jaje. Amma tun tasowata ban taɓa ganin an tara mutane a bakin ruwa an yi atisaye ba, a ce ga wanda zai busa usur, ga wanda zai shiga jirgi, ga wanda zai ƙirga mutane, ga inda za a kai wanda aka tsamo. In akwai wanda ya taɓa gani a yankin nan, ina roƙon ya faɗa mana ranar da wurin.

Abin da tarihinmu ya riga ya koya mana

Hatsarin Gummi bai zo mana a matsayin baƙo ba. Ina ɗan yaro a 2010 lokacin da yara suka riƙa suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Gubar dalma ce, daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Wa ya fara kwarmata wa duniya? Ƙungiyar likitocin nan ta ƙasashen waje, MSF, a watan Maris na shekarar, bayan da ma'aikatanta suka lura da yawan sababbin kaburburan yara. Akwai dagatai, akwai ɗakunan shan magani, akwai sassan lafiya na ƙananan hukumomi, amma babu igiyar da ta ɗaure su da juna har kuka ya hau sama da wuri.

Labarin Bagega ya fi wannan ciwo. An kankare gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, aka bar Bagega, wadda ta fi su girma. Likitoci suka ce ba za su fara ba yara magani ba sai an tsabtace garin, domin yaron da aka warkar ya koma cikin ƙurar dalma, aikin banza aka yi. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850. Aka yi taro a Abuja a watan Mayu na 2012, ministocin da abin ya shafa ba su halarta ba. Kuɗin bai fito ba sai a Janairun 2013, bayan matasa sun tayar da ƙura a intanet. Duk tsawon wannan jira, yara kimanin 1,500 suna zaune da guba a jininsu, yayin da ma'aikatar muhalli da ta ma'adinai da ta lafiya da jiha ke kallon juna. Ga amsar mai cewa matsalar rashin kuɗi ce kawai: kuɗin yana nan, mai cewa "ni ne da alhaki" ne babu.

Sai kuma Janairun 2022, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum na kwanaki. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe. Ma'aikatar jinƙai ta tarayya ta ce an binne sama da 200, kuma fiye da 10,000 sun rasa matsuguni. Gwamnatoci biyu na ƙasa ɗaya, a kan ƙauyuka ɗaya, a cikin mako ɗaya. Wani zai ce wannan gardamar alƙaluma ce, ba ta ta da matacce. Ni kuwa na ce ita ce gindin maganar. Neman ɓatacce yana farawa ne da sanin wa ya ɓace. Wanda bai san ko mutum 58 yake nema ko 200 ba, yaya zai san ranar da zai daina nema? Matar da mijinta ya shiga daji bai dawo ba, wa za ta je ta gaya wa, wa zai rubuta sunansa, wa zai gaya mata ko ta fara takaba?

A Gummi ma, wata guda kacal kafin jirgin ya kife, ambaliya ta rusa gidaje ta raba dubban mutane da muhallinsu a watan Agusta. Manya sun zo sun jajanta. Gulbi yana cike, kowa yana gani. Da akwai mai tunanin gaba, a cikin kayan agajin nan da an haɗa da jirage da rigunan ruwa, domin wanda ambaliya ta cinye wa rumbu dole ne ya ƙetara ya duba abin da ya saura a gona. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Warrah a jihar Kebbi a Mayun 2021, Bagwai a jihar Kano a Nuwamban shekarar, Goronyo a jihar Sakkwato a Agustan 2025: jirgi ya yi lodi fiye da kima, babu rigar ruwa, babu rijistar fasinja, mutanen gari su shiga ruwa, sanarwar alhini ta biyo baya.

Uzurori huɗu

Na san abin da za a ce mini, domin na sha jin sa.

Na farko, a ce ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare. Na yi imani da ƙaddara, kuma ina roƙon Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma malamanmu ba su taɓa koya mana cewa tawakkali yana nufin barin sababi ba. Abin lura kuma, masu yi mana wa'azin haƙuri bayan bala'i ba sa shiga hanyar Anka sai da rakiyar jami'an tsaro. Sun san riƙon sababi in ransu ne a kan layi. Haƙuri na wanda aka yi wa rashi ne. Shi mai riƙe da amana, hisabi ke kansa.

Na biyu, a ce rashin tsaro ne ya hana ma'aikata isowa. Gaskiya ne hanyoyinmu suna da haɗari, kuma ba zan ce ma'aikaci ya jefa kansa ga halaka ba. Sai dai wannan uzuri goyon bayan maganata yake yi. In har taimako daga nesa ba ya iya isowa da wuri, hankali ya nuna a ajiye taimakon a kusa. A Satumban 2021 an katse layukan waya a duk faɗin Zamfara na tsawon watanni saboda yaƙi da 'yan bindiga. A wannan lokaci lambar 112 ado ce kawai. Yankin da za a iya rufe wa waya dare ɗaya ya fi kowane buƙatar oba-oba a hannun uban ƙasa da sarkin ruwa.

Na uku, a ce babu kuɗi. A sa farashin rigar ruwa ɗari biyu da jirgi mai inji ɗaya a gefe guda, a sa kuɗin man ayarin masu zuwa jaje da na buhunan da ake rabawa bayan an yi jana'iza a ɗaya gefen, a gaya mana wanne ya fi nauyi. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Duk wanda ke murna da wannan hukunci ya sani cewa 'yanci yana tafe da nauyi. Shugaban ƙaramar hukumar da ke neman a sakar masa kuɗinsa, ya shirya amsa tambayar jirage nawa ya saya.

Na huɗu, kuma shi ya fi ɓata mini rai, a ce laifin talaka ne, shi ya cika jirgi. Mutum 900 da jirgi biyu, a gaya mini ta yaya jirgi ba zai cika ba. Manomin da ya jira sahu na goma, rana ta take kafin ya taɓa gonarsa, kuma dole ya dawo da wuri domin daji ba wurin yin yamma ba ne a zamanin nan. I, akwai ganganci, akwai mai fito da kwaɗayin kuɗi ke sa ya ƙara mutum biyar. Maganin wannan shi ne a tsayar da mai iko a mashaya wanda zai ce ya isa. Doka da ke Lokoja ba ta hana kowa shiga jirgi a Gummi.

Yadda wasu suka yi

Ba mu ne farkon waɗanda suka gane cewa taimakon nesa ba ya ceto ba. A girgizar ƙasar Kobe ta Japan, ranar 17 ga Janairu, 1995, wadda ta kashe sama da mutum 6,000, kusan kashi takwas cikin goma na waɗanda aka zaƙulo da rai daga ƙarƙashin gine-gine maƙwabtansu ne suka zaƙulo su. Japan ba ta rasa motoci ko sojoji ba. Darasin da ta ɗauka shi ne ta ƙarfafa ƙungiyoyin unguwa, ta ba su horo da kayan aiki.

A Kalifoniya ta Amurka, gobarar daji ta 1970 ta ƙone gidaje ɗaruruwa. Da aka zauna bincike, sai aka tarar masu kashe gobara sun isa, matsalar ita ce kowace hukuma da nata shugaban, da nata kalmomin aiki, da tashar rediyon da 'yar'uwarta ba ta ji. Daga nan suka fito da ƙa'ida mai sauƙi: a kowane bala'i kwamanda ɗaya ne a wurin, duk wanda ya zo daga sama ko daga gefe ya shiga ƙarƙashin tsari ɗaya, kuma in za a miƙa ragama a miƙa ta a bayyane. A 2004 Amurka ta mayar da wannan ƙa'ida ta ƙasa baki ɗaya.

In an ce waɗannan masu arziki ne, to ga Bangaladash. Guguwar teku ta 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000 a can. Bayan shekara biyu aka kafa shirin 'yan sa-kai na ƙauyuka, da lasifika da tutoci da rediyo, suna bin gida gida suna kwashe mutane kafin ruwa ya iso. Yau sun haura 70,000. Guguwar 1991 ta kashe kimanin 138,000, amma ta 2007, duk da ƙarfinta, waɗanda ta kashe ba su kai 5,000 ba. Talauci bai hana su tsara kansu ba.

Mu ma ba daga sama za mu fara ba. Ƙasar Hausa ta san sarautar sarkin ruwa tun kafin a haifi Nijeriya. Ta san gayya. Ta san yekuwa, mai shela ya zaga gari kowa ya fito. Kakanninmu da gora suke ƙetare gulbi, kuma su ne suka bar mana karin maganar da na sa wa wannan rubutu. Abin da gwamnatin zamani ta yi shi ne ta karɓe iko da haraji daga hannun waɗannan mutane, ta bar musu aikin tsamo gawa kyauta.

Abin da nake nema

Daga ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi, ina neman kowace ta kafa kwamitin gaggawa na gaskiya, mai layi a cikin kasafin kuɗi, a liƙa sunayen membobinsa da lambobinsu a ƙofar sakatariya da masallatan Juma'a. A ƙirga duk mashayun da ake fito. A kowace a naɗa mutum ɗaya ƙarƙashin sarkin ruwa, a ba shi littafi da alƙalami ya rubuta adadin masu shiga, a ba shi ikon hana jirgi tashi. A rubuta adadin da jirgi ke ɗauka a jikinsa da fenti. A yi wa gwanayen iyo rijista, a ba su alawus daga Yuli zuwa Oktoba, da igiya da tocila da rigar ruwa, a koya musu yadda ake dawo wa wanda aka tsamo da numfashi. Su ukun kuma su ƙulla yarjejeniya a rubuce cewa in ɗaya ta yi kira, sauran biyu za su taso ba tare da jiran izinin Gusau ba. Nasarawar Burkullu tana kan hanya tsakanin Anka da Gummi, ta dace da ma'ajiyar kayan da ukun za su yi tarayya a kai.

Daga jiha, ina neman a sauko da kaya yamma kafin damina, kada a jira sai ruwa ya yi ɓarna. In hasashen ambaliya ya fito, a fassara shi da Hausa da Fulatanci, a karanta a rediyo da kasuwanni. Jihar da ta iya ɗaukar Askarawa ta horar da su a 2024 za ta iya horar da masu ceto. A kuma buɗe rijista guda ta ɓatattu, ko ruwa ne ya ci su, ko rami ya rufta da su, ko 'yan bindiga suka kore su daji, domin a daina jin adadi biyu daga bakin gwamnati.

Daga tarayya, ina neman abin da ƙananan matakai ba za su iya ba: horo, da manyan kayan aiki, da jirgin sama in ta kama, da umarni bayyananne ga sojoji da 'yan sanda cewa buɗe hanya ga masu ceto aikinsu ne. A kuma gyara dokar 1999 ta yadda jiha ko ƙaramar hukumar da ba ta nuna shirinta ba, ba za ta taɓa kuɗin muhalli ba.

Daga dukkansu, ina neman a amsa tambaya ɗaya tun yanzu, a rubuce: in jirgi ya kife gobe da safe, wa ke ba da umarni a bakin ruwa? Sunan mutum nake so a faɗa, mai waya a aljihu, wanda za a yaba wa in an tsira, a tuhume shi in an yi sakaci. Bayan kowane bala'i kuma a fitar da rahoto cikin wata guda, a faɗi ƙarfe nawa aka kira, ƙarfe nawa aka iso, nawa aka samu, nawa suka saura.

Mu matasan da muka yi karatu ma akwai namu. Mun iya rubuta ta'aziyya a Facebook, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa zuwa sakatariya suka nemi ganin kasafin kuɗi. Kuɗin Bagega bai fito ba sai da matasa suka dage. In muka yi shiru har wata damina, muna cikin waɗanda za a tambaya.

Manoman Gummi ba yawon shaƙatawa suka fita ba. Abincin da za mu ci suka tafi nema, a ƙasar da noma ya zama sai da kasada. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma ban rubuta wannan don cin mutuncin kowa ba. Na rubuta ne domin damina za ta dawo, gulbi zai sake cika, mutane za su sake taruwa a mashaya da sassafe. Goran da za a ƙetare da shi a ranar, yanzu da rani ake fafe shi.